Yadda Za Ka Riƙe Shugabanci Idan Aka Ɗora Ka Kan Abokan Aikinka Na Jiya

Mafi yawan masu riƙe da shugabanci a wuraren aikinmu daga cikin ma'aikata aka ɗago su. Malamin aji ya zama hedimasta, ma'aikaciyar jinya ta zama mai kula da ɗakin haihuwa, yaron shago a Kantin Kwari ya wayi gari makulli da littafin ciniki suna hannunsa, mai aikin inji a wata masana'anta a Sharaɗa ya zama mai kula da masu aikin dare. Dalilin zaɓensu kusan ɗaya ne: sun iya aikin hannunsu. Sai dai daga ranar da aka ba ka kujera ma'auni ya canza. Da ana duba abin da ka yi da hannunka, yanzu abin da mutum goma suka yi shi za a tambaye ka. Cikin goman nan kuwa akwai wanda kuke cin abinci kwano ɗaya, akwai wanda ya haife ka, akwai wanda ya daɗe yana sa rai da kujerar da ka hau. Ba kasafai ake zaunar da mutum a koya masa yadda zai yi da su ba, shi ya sa ma'aikata nagari da yawa suke zama shugabannin da ake kuka da su. Ga matakan da nake ganin sun fi amfani, bisa tsarin da suke zuwa.

Mataki na farko: fara koyo tun ba a ba ka ba

Idan har yanzu kana ƙasa, wannan ne lokacin da ya fi sauƙi, domin kuskurenka bai da tsada. A aikin gwamnatin tarayya, ma'aikacin da ke tsakanin matakin albashi na 7 da na 14 yakan yi aƙalla shekara uku kafin ya cancanci ƙarin girma. Shekara ukun nan makaranta ce ga wanda ya ɗauke ta haka.

Ka riƙa karɓar ƙananan ayyukan da kowa ke gudu. Rubuta bayanin taro yana koya maka yadda ake yanke shawara da yadda shawara ke mutuwa a takarda. Tsara jadawalin aiki yana koya maka adalci tsakanin mutanen da kowannensu yake da uzuri. Idan an kawo sabon ma'aikaci ko ɗan bautar ƙasa, ka ce a bar maka shi ka nuna masa aiki. Idan oga zai tafi hutu ko aikin Hajji ana neman mai riƙon ƙwarya, kada ka noƙe. Sannan ka sami ƙaramin littafi kana rubuta abin da ka ga shugabanninka suna yi: wane irin magana ce take sa mutane su tashi da ƙarfinsu, wace ce take kashe musu jiki. Za ka buɗe littafin nan ranar da abin ya zo kanka.

Mataki na biyu: karɓi aiki a rubuce

Kunya takan sa sabon shugaba ya karɓi makulli a baki, musamman idan wanda zai gada babba ne. Kada ka yi haka. Ka nemi takardar miƙa aiki mai ɗauke da kuɗin da ke hannu da na banki, bashin da ake binku da wanda kuke bi, kayan sito, fayilolin da ba a kammala ba, makullai, da lambobin sirri na kwamfuta. Ku ƙirga kaya tare a gaban mutum na uku, ku duka ku sa hannu da kwanan wata. Ka kuma tambaye shi kai tsaye ko akwai alkawarin baki da ya yi wa wani, kamar hutu ko canjin wuri ko ƙarin alawus, domin masu alkawarin kai za su zo wa. Wannan takarda kariya ce gare ka da shi baki ɗaya. Bayan wata shida idan aka nemi janareta aka rasa, ita kaɗai za ta yi magana.

Mataki na uku: zauna da kowa shi kaɗai

A makonni biyu na farko ka ga kowane ma'aikacinka a keɓe, ko da minti ashirin ne. Da maigadi da masinja da mai shara da direba, kada ka tsallake kowa. Su ne suka san wanda ke zuwa da wuri, da inda ruwa ke zuba, da dalilin da ya sa man mota ke ƙarewa kafin ƙarshen wata. Tambaya uku sun isa: mene ne ke hana ka yin aikinka yadda kake so, mene ne kake ganin bai kamata a taɓa ba, kuma da kai ne a kujerata me za ka fara gyarawa? Ka rubuta amsar a gabansa. Idan ya soma kawo ƙarar wani, ka dawo da shi kan aiki a hankali, don kada tun ranar farko a gane cewa kunnenka a buɗe yake ga tsegumi.

Cikin wannan lokaci ka riƙe hannunka daga manyan canje-canje, sai dai abin da ya shafi lafiyar mutane ko satar dukiya. Amma ka zaɓi ƙaramar matsala ɗaya da mutane da yawa suka ambata, ka gyara ta cikin mako guda. Wataƙila fanka ce ta lalace tun bara, wataƙila jadawalin Juma'a ne ke hana wasu zuwa masallaci a kan lokaci, wataƙila mata ba su da wurin alwala. Da mutane sun ga maganarsu ta zama aiki, zama na gaba za su faɗa maka abin da ya fi wannan nauyi.

Mataki na huɗu: dattijo, aboki, da wanda ya so kujerar

Nan ne yawancin sababbin shugabanni suke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai.

Mun taso a kan cewa ba a aiken babba, ba a musu da shi, ba a kallon idonsa. Tarbiyya ce mai kyau, kuma ba sai ka zubar da ita ba don ka zama shugaba. Abin da za ka yi shi ne ka raba girman shekaru da nauyin aiki, ka ba kowanne haƙƙinsa. Kai za ka fara gaishe shi da safe. Kai za ka tashi ka je teburinsa, ba ka aika a kira shi ba. Ka ci gaba da kiransa da sunan da ka saba, Baba ko Malam ko Hajiya. Amma aikin da aka ɗora masa sai ya fito a kan lokaci kamar na kowa. Tun a makon farko ka same shi ka ce masa wani abu kamar haka: "Baba, kun riga ni shiga aikin nan, kun san abin da ban sani ba. An ɗora mini nauyi, kuma ba zan iya ba sai da ku. Idan kun ga zan yi kuskure ku kira ni gefe ku faɗa mini. Ni ma idan aiki ya taso zan zo in same ku, ina roƙon ku yi mini uzuri." Wannan magana tana buɗe maka ƙofa biyu: ya samu girman ba da shawara, kai kuma ka samu izinin kawo masa aiki. Ka riƙa neman shawararsa da gaske, a kan abin da ya fi ka sani, kuma idan ka ɗauka ka faɗa a gaban mutane cewa tasa ce. Idan ba ka ɗauka ba, ka koma ka gaya masa dalili kafin ya ji a bakin wani.

Aboki ya fi dattijo wuya. Dattijo girma yake nema, aboki kuwa sassauci yake jira, kuma sau da yawa bai ma san yana jira ba. Zai makara ya yi maka murmushi, zai nemi ka cire shi daga aikin ƙarshen mako. Sauran ma'aikata kuma sun zuba ido, domin da abin da ka yi masa za su auna ka. Ka yi masa magana tun kafin matsala ta faru, a wajen ofis: zumuncinmu yana nan, gidanka gidana ne, amma a wurin aiki abin da ya hau kan kowa zai hau kanka, kuma akwai maganganun ofis da ba zan ƙara iya faɗa maka ba. Zai iya jin zafi na ɗan lokaci. Wanda yake abokin gaske zai dawo. Ka kuma rage zaman majalisar da ake caccakar shugabanni, domin duk kalmar da ka furta a wurin yanzu ta zama maganar hukuma.

Shi kuma wanda ya nemi kujerar bai samu ba, kada ka yi kamar ba ka sani ba, kada kuma ka mayar da shi abokin gaba tun bai yi komai ba. Ka ba shi wani ɓangare na gaske ya riƙe, wanda sunansa zai fito a kai, ka kuma ambace shi a gaban manya idan ya yi kyau. Idan bayan watanni ya ci gaba da yi wa aiki zagon ƙasa, to lamarin ya koma mataki na bakwai.

Idan ke mace ce aka ɗora ki kan maza da suka girme ki, duk abin da ke sama ya shafe ki, da ƙari. Za a gwada ki da "'yata" da "ƙanwata" a lokacin da kike maganar aiki, wani da kyakkyawar niyya, wani don ya rage miki nauyi. Ki amsa da ladabi, ki maimaita aikin da ranar da kike son sa, sannan ki bi shi da rubutu. Ba sai kin ɗaga murya ba, ba kuma sai kin nemi gafara don kin ba da umarni ba.

Mataki na biyar: ba da umarnin da ba ya buƙatar fassara

Rabin rigimar wurin aiki daga umarni mara kai take tasowa. "A duba maganar nan" ba ta ɗora wa kowa komai ba. Duk aikin da za ka bayar ya ƙunshi abu huɗu: wane ne zai yi, mene ne ainihin abin da ake so, yaushe, kuma da me za a gane an gama. "Malam, ina son jerin kayan sito da adadinsu a takarda, ranar Laraba kafin azahar." Ƙaramin ma'aikaci ba zai ce maka bai gane ba, kunya ba za ta bar shi ba, zai amsa ya fita yana tambayar wasu. Saboda haka ka ce ya maimaita maka yadda zai yi, ka kuma tambaye shi abin da zai iya hana shi.

Ka sa ɗan gajeren taro ranar Litinin da safe, minti goma sha biyar, a tsaye ma ya yi: me aka gama, me ya rage, wa ke buƙatar taimako. Ka fara a kan lokaci ko da mutum biyu ne suka zo, mako uku ya isa kowa ya gane. Zauren WhatsApp na ofis kuwa na sanarwa ne. Kada ka yi wa kowa faɗa a ciki, kada kuma ka mayar da shi hanyar tura aiki da tsakar dare.

Mataki na shida: saki aikin da ka fi kowa iyawa

Tunda ƙwarewarka ce ta kawo ka, zuciyarka za ta riƙa ce maka ka karɓa ka yi da kanka, ya fi sauri. Gaskiya ne ya fi sauri yau. Amma bayan wata uku za ka tarar kai kaɗai ke fita ofis bayan isha'i, sauran sun koyi jiranka. Ka bi hanyar da masu sana'a suke bi da yaransu: ka yi yana kallo, ku yi tare, ya yi kana kallo, sannan ya yi shi kaɗai ya kawo maka. Ka faɗa masa iyakar ikonsa a fili, misali nawa zai iya kashewa ba tare da ya tambaye ka ba. Ku yanke ranar da za ka duba, kada ka riƙa leƙa shi kowace awa. Idan ya yi kuskure a aikin da ka ba shi, a gaban manya kai ne mai laifi, tsakaninku kuma ku zauna ku gyara.

Mataki na bakwai: gyara, gargaɗi, da sanin doka

Yabo a bainar jama'a, gyara a keɓe. Mutumin da ka kunyata a gaban yaransa ko a gaban masu saye zai manta da laifinsa ya riƙe naka. Ka kira shi cikin kwana ɗaya ko biyu da faruwar abin, ka faɗi abin da ya faru da ranarsa, ka bar halinsa da asalinsa. "Sau uku a makon nan ka zo bayan ƙarfe tara, marasa lafiya suna jira" magana ce da za a iya gyarawa. Sannan ka yi shiru ka ji ta bakinsa. Ruwa ba ya tsami banza: mai makara wataƙila matarsa ce ke asibiti, wataƙila kuɗin mota ne ya fi ƙarfin albashinsa. Jin dalili ba ya soke ƙa'ida, amma yakan nuna maka maganin da ya dace. Ku rabu da yarjejeniya da ranar da za ku sake zama.

Idan abin ya maimaitu, ka bi tsani: gargaɗin baki da ka rubuta ranarsa a littafinka, sai takardar neman bayani mai wa'adin amsa, sai ka miƙa wa masu ikon hukunci. Kada ka rubuta takardar tuhuma kana cikin fushi, kada kuma ka yi barazanar abin da ba ka da ikon aikatawa. A aikin gwamnati dokokin aiki sun tanadi a sanar da ma'aikaci laifinsa a rubuce, a ba shi damar kare kansa, kuma tsallake wannan yakan sa a rushe hukunci ko da laifin gaskiya ne.

Ka san haƙƙin mutanenka kafin su zo nema. A Najeriya dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Wanda ya cika wata goma sha biyu yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa. Mai ciki tana da mako goma sha biyu na haihuwa. Wanda ya yi shekara biyar ko fiye, sanarwar wata guda ce kafin a raba gari. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne a wuraren da dokar ta shafa, kuma dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa wanda ya ɗauki ma'aikaci kashi 10 cikin 100 na albashin, shi ma'aikaci kuma kashi 8. Rigimar aiki kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai ta. Mai karatu a Nijar ko Ghana ya nemi dokar ƙwadago ta ƙasarsa ya karanta sassan da suka yi daidai da waɗannan. Ko ba kai ke biyan albashi ba, kai ne za ka tsaya a bakin ofishin akawu idan na yaronka ya maƙale.

Mataki na takwas: alfarma da kuɗi

Da labari ya bazu cewa ka samu matsayi, waya za ta fara ƙara. Kawu yana da yaro da ya gama makaranta, maƙwabci yana son kwangilar kawo kaya, surukinka yana son a canza wa ɗiyarsa wurin aiki. Ba za ka iya yanke zumunci ba, kuma bai kamata ba. Ka shirya amsa ɗaya da za ka ba kowa: "Kawu, ɗaukar aiki ba a hannuna kaɗai yake ba. Ya kawo takardunsa in duba masa, in nuna masa yadda zai shirya, in sanar da shi ranar da za a buɗe." Ka cika wannan alkawarin sosai, taimako ne na gaske. Idan ɗan'uwanka yana cikin masu nema, ka faɗa wa kwamiti ka fita daga zaman.

Kuɗin ofis kada ya kwana a aljihunka ko asusunka, ko na awa ɗaya, ko da niyyar mayarwa. Kowace naira da rasit. Kada ka ci bashin wanda ke ƙarƙashinka, domin ranar da ya yi laifi bakinka zai yi nauyi. Annabi (SAW) ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi game da abin kiwonsa. Mai kula da mutum biyar a shago yana cikin wannan hadisi kamar yadda gwamna yake ciki.

Mataki na tara: na sama da kai

Yanzu kana tsakiya. Ka tambayi ogan naka yadda yake son rahoto, a takarda ko a baki, kullum ko mako-mako, da abubuwa uku da zai auna ka da su a ƙarshen shekara. Mummunan labari ka kai masa da kanka da wuri, tare da shawarar mafita: "Yallaɓai, ga abin da ya faru, ga hanya biyu, ni ina ganin ta farko." Idan ya yanke abin da ba ka so, ka faɗi ra'ayinka a ofishinsa, ka fito ka aiwatar ba tare da ka zage shi a gaban yaranka ba. Idan kuwa umarnin ya saɓa doka, ka nemi a ba ka shi a rubuce. Sau da yawa a nan maganar take tsayawa.

Mataki na goma: ci gaba da karatu, ka kuma shirya magaji

Ma'aikacin gwamnati ya nemi a tura shi kwas a kwalejin ASCON da ke Topo, Badagry, wadda aka kafa a 1973 don horar da jami'an mulki. Cibiyar nazarin harkokin mulki ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo a Zariya ta daɗe tana wannan aiki, ta ma girmi jami'ar kanta. Wanda ba zai iya barin aiki ba yana iya karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, mai cibiyoyi a jihohi. Idan a kamfani kake, ka tambayi ofishin ma'aikata ko suna biyan kuɗin asusun horaswa na ITF mai hedikwata a Jos: kamfanonin da doka ta shafa suna biyan kashi 1 cikin 100 na albashin shekara, kuma suna iya neman a mayar musu da wani kaso idan sun horar da ma'aikata. Wannan hujja ce mai ƙarfi idan ka je neman a tura ka ko a tura yaranka.

Ka kuma nemi wani dattijo da ya riƙe irin kujerarka ya sauka lafiya, ka riƙa kai masa ziyara da tambayoyi takamaimai. Cikin ma'aikatanka ka zaɓi mutum biyu ka riƙa ba su riƙon taron Litinin da tsara jadawali bi da bi, ka tafi da ɗayansu idan za ka ga manya. Duk bayan wata uku ka sake zaman keɓe da kowa kamar na makon farko, ka ƙara tambaya ɗaya: me nake yi da ke wahalar da aikinka? Karon farko kowa zai ce babu komai. Ka yi godiya, ka sake tambaya bayan wata uku. Idan wani ya daure ya faɗa, kada ka kare kanka a wurin. Ka rubuta, ka gyara abin da zai gyaru, ka koma ka gaya masa abin da ka yi.